Zuwa ga Auta, Kafin Ka Sa Hannu



Auta, bayan gaisuwa da fatan alheri, ya Zariya, ya karatu? Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Shafukan da ka aiko sun iso, na zauna na dube su ɗaya bayan ɗaya, kuma na yi murna ƙwarai. Hannunka ya faɗa, musamman wajen fuska da inuwa. Amma kafin su iso Yaya, mahaifiyarka, ta riga ta kira ni, hankalinta a tashe. Ta ce da ka zo hutu ta leƙa ɗakinka ta tarar da bango cike da zanen bokaye da aljanu, ga tsofaffin mujallun Amurka da ka sauko da su daga intanet ka buga, masu hoton fatalwa da ƙoƙon kai, tana tsoron kada abin ya taɓa maka imani. Ta kuma ce wani kamfani ya ga labarinka yana so ya saya, har sun turo takardar da za ka sa wa hannu. Ta ce in yi maka faɗa. Na ce mata ba abin faɗa ba ne, zan dai rubuta maka, domin maganar ta fi ƙarfin kiran waya.

Ina so ka san mutanen da suka yi mujallun nan da ka manna a bango. Idan ka san su za ka san abin da za ka faɗa wa mahaifiyarka, za ka kuma san da irin idon da za ka karanta takardar can.

Kowa ya san Superman. Amma samarin da suka ƙirƙiro shi, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, cikin abin da suka fara sayarwa akwai labarin tsafi. A watan Oktoba na 1935, a wata mujalla mai suna New Fun, suka fito da Doctor Occult, wani mai bincike da doguwar kwat da malafa, aikinsa farautar fatalwa da matattu masu tashi su sha jinin rayayyu. A shekarar da ta biyo baya har alkyabba suka yafa masa na ɗan lokaci. Ka ga ke nan jarumi mai alkyabba da mai yaƙi da ƙwanƙwamai tun asali hannu ɗaya ne ya zana su.

'Ya'yan Yahudawa ne da iyayensu suka yi ƙaura zuwa Amurka, talakawa, a birnin Cleveland suka haɗu a makarantar sakandare. Shuster a bayan takardar manna wa bango da takardar ƙunshin kaya yake zane saboda babu kuɗin sayen ta kirki. Siegel kuwa yana ɗan shekara 17, a 1932, ɓarayi suka shiga shagon tufafin mahaifinsa, tsohon ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Ka riƙe wannan a ranka, sannan ka buɗe Action Comics fitowa ta ɗaya, ta watan Yuni 1938, ka ga abin da Superman ya fara yi a duniya. Babu dodo daga sararin samaniya. Ƙofar gidan gwamna ya fasa da tsakar dare don ya ceci wata mata da za a kashe kan laifin da ba ita ta aikata ba. Daga nan ya faɗa gidan wani mai dukan matarsa ya maka shi da bango. Sannan ya bi sawun wani dillalin cin hanci da ke juya ɗan Majalisar Dattawa. A fitowa ta uku ya sa wani attajiri mai ramin haƙar kwal ya maƙale cikin ramin nasa tare da baƙinsa, don su ɗanɗani abin da leburori ke sha kullum. A lokacin Amurka ba ta gama fita daga talaucin da ya biyo bayan 1929 ba, kuma yaron da ya ba da senti 10 ya sayi mujallar ya san irin waɗannan azzalumai a unguwarsu. Abin da ya saya da kuɗinsa shi ne ya ga an rama wa wanda ba shi da gata.

Kusan shekara biyar suna yawo da labarin, gidajen jarida suna mayar musu da shi. Da aka ce za a karɓa, shafi 13 ne aka biya su dala 130, goma-goma kowane shafi, kuma tare da cek ɗin aka haɗo takardar da ta ce Superman ya zama mallakin kamfani har abada. Suka sa hannu, kowannensu yana da shekara 23. Gaskiya ne kamfanin ya ba su aikin ci gaba da labarin, kuma sun yi wasu shekaru suna samun kuɗi mai kauri. Amma da aka shiga rediyo a 1940, aka shiga sinima, aka shiga kayan wasan yara, tsokar ta tafi wani wuri. A 1947 suka kai ƙara, kotu ta ce takardar da suka sa wa hannu tana nan daram. Aka sallame su, aka goge sunayensu daga mujallar. Shuster idonsa ya yi ta mutuwa har ya koma aikin kai saƙo, Siegel ya ƙare a aikin akawu.

Shi wannan Siegel ɗin, a 1940, tare da mai zane Bernard Baily, ya rubuta labarin da na ga ka manna bangonsa kusa da taga a hoton da Yaya ta nuna mini: Spectre, mai farar fuska da koriyar alkyabba. Wani ɗan sanda ne, Jim Corrigan, 'yan ta'adda suka cusa shi cikin ganga suka cika ta da siminti suka jefa kogi. Ruhinsa ya tashi, sai wata Murya ta hana shi hutawa, ta mayar da shi duniya ya bi masu laifi. Mu Musulmi mun san wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma ba a kan wannan nake so ka tsaya ba. Ka dubi abin da ke tura labarin. An zalunci mutum a inda babu mai gani, an nutsar da shaida a ƙasan ruwa, amma maganar ba ta mutu ba. Abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Kusan duk labarin tsoro mai kyau da aka yi a mujallun nan, idan ka kware masa fatalwar, wannan za ka tarar a ƙasa.

Babu inda abin ya fito fili kamar a kamfanin EC. William Gaines ya gaji kamfanin a 1947 bayan mahaifinsa ya rasu a haɗarin kwalekwale, kuma abin da uban ke bugawa har da labaran Baibul cikin zane. Ɗan ya haɗa kai da edita Al Feldstein, daga 1950 suka fara Tales from the Crypt da 'yan'uwanta biyu. Gajerun labarai ne, shafi shida zuwa takwas. Miji ya kashe mata don gado, ko abokin ciniki ya ci amanar abokinsa, ya tabbata ya sha, sai a shafin ƙarshe abin da ya shuka ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma hukuncin kullum da siffar laifin yake zuwa. Masu zanen, irin su Jack Davis da Graham Ingels da Johnny Craig da Wally Wood, gwanaye ne na gaske, kuma Gaines yana barin kowa ya sa sunansa a aikinsa, abin da ba a saba ba a lokacin. Sai dai sun wuce gona da iri wajen nuna jini da gunduwa-gunduwar jiki, alhali yara ƙanana na cikin masu saye. Wannan ba zan kare su a kai ba.

Don haka tsoron Yaya ba shirme ba ne, iyayen Amurka sun yi irinsa. Tun 1948 ake tara mujallun zane a harabar makarantu ana cinna musu wuta, kamar yadda aka yi a garin Binghamton. Mu ma a Kano ka san cece-kucen da aka sha kan littattafan soyayya, har a 2007 aka tara wasu aka ƙona a bainar jama'a. Can Amurka wanda ya ja ragamar abin wani likitan ƙwaƙwalwa ne haifaffen Jamus, Fredric Wertham. Ba mugu ba ne. Shi ya buɗe asibitin da baƙaƙen fata talakawa ke zuwa a unguwar Harlem kusan kyauta, kuma ya ba da shaida a kotu kan cutarwar raba makarantun farare da baƙaƙe. Amma a littafinsa na 1954, Seduction of the Innocent, ya ɗora lalacewar yara a kan mujallun zane, kuma a 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta bi takardunsa na asali ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya yi hira da su don su dace da abin da yake son faɗa. A watan Afrilu na 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York, ana nunawa a talabijin. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wani bangon mujallar EC mai hoton mutum riƙe da gatari a hannu ɗaya, kan mace a ɗayan, ya tambayi Gaines ko wannan ya dace. Gaines ya ce a mujallar tsoro ya dace. Da wannan amsa ya kashe kasuwarsa.

Kafin shekarar ta ƙare kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tacewa, da hatimin da ake bugawa a kusurwar bango. A lokacin, mujallar da ba ta da hatimin, dillalai ba sa ɗauka. Aka hana gawa mai tafiya, da mai shan jini, da mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci, aka hana nuna alƙali ko ɗan sanda ta hanyar da za ta zubar musu da mutunci. Kamfanoni da yawa suka rufe, ɗaruruwan masu zane suka bar sana'ar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin nan mai suna Judgment Day, na Feldstein da mai zane Joe Orlando. Wani manzo daga duniyarmu, sanye da kwalkwalin 'yan sama-jannati, ya sauka a wata duniyar mutum-mutumin ƙarfe don ya duba ko sun isa a shigar da su tarayya. Ya tarar masu ruwan lemo sun danne masu ruwan shuɗi, alhali a ciki ƙirarsu ɗaya ce, fenti kawai ya bambanta. Ya ce ba su isa ba tukuna. Ya koma jirginsa ya cire kwalkwali, a akwatin zane na ƙarshe, sai ga shi baƙin mutum ne. Da Gaines ya zo sake buga shi, shugaban hukumar, Alƙali Charles Murphy, ya ce sai an canza launin mutumin. Babu jini a labarin, babu gawa. Gaines ya ƙi, ya buga shi yadda yake a farkon 1956, kuma daga wannan fitowa bai sake buga irin waɗannan mujallu ba. Dokar da aka kafa da sunan kare yara ta zama sandar dukan labarin da ya fi kowanne koya wa yara adalci.

Yanzu bari in zo kan wanda nake so ka zauna da shi sosai, Steve Ditko. A ƙarƙashin wannan doka ya yi Doctor Strange, ba jini ba gawa, amma har yau ba a yi labarin sihiri cikin zane da ya kama ƙafarsa ba. A Strange Tales fitowa ta 110, Yuli 1963, shafi biyar kacal. Wani mutum ya zo wurin Strange yana kukan mugun mafarki, kullum yana ganin wani a ɗaure da sarƙa yana kallonsa. Strange ya shiga cikin mafarkin ya tambayi mai sarƙar ko shi wane ne. Ashe muguntar mutumin ce da kansa, mutanen da ya cuta a kasuwanci. Da ya ga asirinsa zai tonu ya ɗauko bindiga zai harbe wanda ya zo taimakonsa, daga ƙarshe dai ya amsa laifinsa. Tun daga labarin farko ke nan, abin da ke bin mutumin ba daga waje ya zo ba.

Asalin Strange ɗin ya zo a fitowa ta 115. Babban likitan tiyata ne mai girman kai da son kuɗi, marar lafiyar da ba shi da abin biya ba ya ko kallonsa. Ya yi haɗarin mota, jijiyoyin hannunsa suka lalace, ba zai sake riƙe wuƙar fiɗa ba. Aka ba shi aikin taimaka wa wani likita, girman kai ya hana shi karɓa. Ya tsiyace, ya koma gararamba a bakin tashar jiragen ruwa, can ya ji labarin wani tsoho a duwatsun Himalaya mai warkar da abin da ya gagara. Ya je, tsohon ya dubi zuciyarsa ya ƙi. Ƙanƙara ta tsare shi a gidan, a nan ya gano babban almajirin tsohon, Mordo, yana shirin kashe malaminsa. Mordo ya ɗaure masa baki da sihiri yadda ba zai iya faɗa ba. Hanya ɗaya ta rage masa, ya ƙasƙantar da kansa ya roƙi a karɓe shi almajiri, don ya iya kare tsohon da ya ƙi warkar da shi. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya nemi abu don wani. Ya zo neman hannunsa, bai samu ba, kuma labarin bai yi masa ƙaryar cewa ya samu ba.

Ka dubi hannuwa a zanen Ditko, kai da ka iya fuska. Yatsun mutanensa a murɗe suke, suna magana kafin baki ya buɗe. Ka dubi yadda yake zana duniyoyin da Strange ke shiga: hanya rataye a sarari ba ginshiƙi, ƙofa tsaye ba gini, babu sama babu ƙasa, amma idonka bai taɓa ɓata ba, ka san inda kowa ya tsaya da inda zai taka. Ɗaliban jami'a na lokacin sun ɗauka Ditko ƙwaya yake sha, alhali mutum ne kamili mai tsananin tsari, ɗan wani ma'aikacin masana'antar ƙarfe daga garin Johnstown. Kuma ka lura da yadda Strange ke cin nasara. Da ya fuskanci Dormammu, mai kan wuta, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, a tsakiyar faɗan wasu halittu marasa hankali suka ɓalle za su hallaka talakawan ƙasar Dormammun. Strange ya bar faɗan ya taimaki abokin gabarsa aka tare su. Bashin wannan alheri ne ya tilasta wa Dormammu yin alkawarin ba zai taɓa duniyarmu ba. Da hali ya ci, ba da ƙarfin tsafi ba.

A nan ne nake da gyara a labarinka. Bokan naka mugu ne tun shafin farko, ba mu san me ya yi wa wa ba, kuma yaron naka mai gyaran waya ya kayar da shi ne kawai don aljanin da ke bayansa ya fi girma. Idan haka ne, labarin yana cewa mai babban tsafi shi ne mai gaskiya, kuma a nan Yaya tana da hujja a kanka. Sihiri haramun ne, zuwa wurin boka halaka ne, wannan babu ja. Amma ba a hana ba da labarin da aljani ko boka ya fito a ciki ba. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam har ƙasar aljanu aka je, Ganɗoki na Bello Kagara ma da su ya yi ta gwagwarmaya, kuma duka biyun sun fito a 1934, shekara guda kafin Doctor Occult. Iyayenmu a aji aka karantar da su. Abin dubawa shi ne wa labarin ya ɗaukaka, kuma da me jarumin ya dogara. Sunayen da Strange ke kira idan zai yi aiki, Stan Lee, mai zuba magana a bakin mutanen labarin, shi ya ƙirƙire su don daɗin faɗa, babu wani littafin tsafi da ya kwaso su daga ciki. Duk da haka kai ba ka da bukatar sa wa jaruminka kiran wani abu a baki. Ka nemo wanda bokan ya cuta, ka nemo wanda ya biya kuɗin aikin, domin a garuruwanmu boka ba ya aiki sai an aike shi, kuma sau da yawa mai aiken na cikin gida ne. Can labarinka yake. Idan ka gyara, ka zauna da mahaifiyarka ka ba ta labarin da bakinka tana kallon shafukan.

Ka nemi Amazing Spider-Man fitowa ta 33 kuma, ta farkon 1966. Peter Parker, wato Spider-Man, wanda ya bar ɓarawo ya wuce don ba ruwansa, ɓarawon ya je ya kashe baffansa, yanzu ga shi danne ƙarƙashin tulin ƙarfe, ruwa na zubowa, maganin da zai ceci matar baffan nasa yana gabansa hannu ba ya kaiwa. Ditko ya ba wannan ɗagawa shafi biyar. Akwatunan zanen suna farawa ƙanana a matse, suna ƙara faɗi yayin da yaron ke yunƙurawa, har ya miƙe a shafi guda cif. Girman akwati ma magana ne, kuma naka duk kai ɗaya suke.

Wa ya tsara wannan? Yadda ake aiki a kamfanin Marvel, mai buga Strange da Spider-Man, a lokacin, Lee kan ba mai zane 'yar gajeriyar shawara, wani lokaci ma babu, mai zane ya tsara labarin gaba ɗaya ya zana, sannan Lee ya zuba magana a bakin mutane. Lee gwani ne a wannan, shi ya ba su murya da barkwanci, shi ya tallata kamfanin har ya zama abin da ya zama. Amma mai karatu yana ganin an rubuta Lee marubuci, sai ya ɗauka mai zane umarni kawai ya bi. Ditko ya matsa har aka fara rubuta cewa shi ke tsara labarin, suka yi kusan shekara ba sa magana da juna, a 1966 ya ajiye Spider-Man da Strange ya fita. Bai sake yarda da hira da 'yan jarida ba tun ƙarshen shekarun 1960, ya ci gaba da zane a wani ɗan ofis a New York har ya rasu a 2018. Jack Kirby, wanda da shi aka yi Captain America a 1941, da Fantastic Four da Hulk da Thor da X-Men, da Black Panther a 1966, shi ma ya fice a 1970. Da ya nemi a mayar masa da ainihin takardun da ya zana da hannunsa sai da aka yi shekaru ana ja, a 1987 aka ba shi kusan shafi 2,000, ɗan kaɗan daga abin da ya zana. Ya rasu a 1994. A 2009 Disney ta sayi Marvel kan kusan dala biliyan 4, kuma sai a 2014 aka sasanta da 'ya'yansa. Bill Finger, wanda ya ba Batman kamanninsa da sunan Bruce Wayne da labarin kisan iyayensa, ya mutu a 1974 shi kaɗai cikin talauci, sunansa bai hau kan Batman ba sai 2015, saboda abokin aikinsa Bob Kane ya riga ya ƙulla yarjejeniyar da ta ce sunansa kaɗai za a sa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen da suka cika duniya da labaran rama wa wanda aka zalunta, su ba su samu mai rama musu ba sai bayan tsufa ko bayan kabari.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Daga 1975 an yi wata mujalla don kasuwar Nijeriya mai suna Powerman, jarumi baƙar fata, amma a Ingila ake rubutawa ana zanawa, kuma an umarci masu zanen su sa wa kowane akwati lamba wai don kada mu rikice wajen karatu. Samari biyu ne ke karɓa-karɓa a zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland. Shi Gibbons ɗin ne daga baya ya zana Watchmen tare da marubuci Alan Moore, a 1986 zuwa 1987. Su sun san tarihin Siegel, don haka suka sa sharaɗi cewa idan kamfani ya daina buga littafin na shekara guda, mallaka ta dawo hannunsu. Littafin ya karɓu, kamfanin bai taɓa daina bugawa ba, mallakar ba ta dawo ba har yau. Moore ya yi fushin da ya hana a sa sunansa a fina-finan da aka yi daga ayyukansa. Wannan ya fi na Siegel ba ni tsoro a kanka, domin su sun karanta takardar, sun ma yi ciniki, kalma ɗaya ce ta kayar da su.

Siegel da Shuster sai a ƙarshen 1975 aka waiwaye su, lokacin da ake shirin babban fim ɗin Superman. Siegel ya rubuta wa 'yan jarida halin da suke ciki, masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tsaya musu, kunya ta sa kamfanin ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka mayar da sunayensu. Ba kotu ce ta ba su ba, abokan sana'a ne. A 2012 cek ɗin nan da aka saye Superman da shi an yi gwanjonsa kan dala 160,000, a 2024 kuma kwafi ɗaya na Action Comics ta farko ya tashi dala miliyan 6.

Ban ce ka ƙi kamfanin ba, Auta. Mai zane yana bukatar mai bugawa da mai rarrabawa, kuma ina so aikinka ya fita duniya ta gani. Amma ka duba ko takardar ta ce sayarwa ce ko izini. Izini nake so, na shekaru sanannu, da ranar ƙarewa a rubuce da lamba, ba wai sai sun daina bugawa ba. Izinin buga littafi daban, na fim da wasan kwamfuta da riguna daban, kada a dunƙule su cikin jimla ɗaya. Sunanka ya fito a kowane bugu, kuma takardun da ka zana da hannunka su zauna a wurinka, hotonsu kawai za ka ba su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana tare da kai tun daga ranar da ka zana abinka, amma abin da ka miƙa a rubuce da sa hannunka ya fita daga hannunka. Idan suka ce sai a wannan makon ko su fasa, ka bar su su fasa.

Ka ɗauki hoton takardar, duk shafukanta har da ƙananan rubutun ƙasa, ka turo mini. Akwai lauya abokina da ya san wannan fanni, zan kai masa mu zauna. Kafin nan kada ka amsa musu komai, ko a waya ko a saƙo, ban da cewa kana dubawa. Kuɗin tawada da takarda da ka ambata zan turo maka ƙarshen wata in Allah ya yarda. Iyalina duk suna gaishe ka, yaran suna tambayar yaushe za ka zo ka zana su. Ka gaishe da malamanka da abokan ɗakinka. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya sa albarka a hannunka.

Wassalam,
Kawunka.